Zubi Ko Gudummawa? Hausar da Ta Dace da Dokar Fansho

Dokar fansho ta Gana, mai lamba 766 ta shekarar 2008, da Turanci aka rubuta ta, kuma da Turancin lauyoyi ake bayaninta. Amma direba ko mai gadi da ke zaune a Nima ta birnin Akara, ko a zangon Kumasi, da Hausa yake lissafin kuɗinsa. Idan bai san abin da ake yanka daga albashinsa ba, ba zai gane an tauye masa haƙƙi ba sai ya cika shekara 60, lokacin da gyara ya yi wuya. Saboda haka fassara wannan doka aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa.

Ƙashin bayan dokar bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikaci mai ainihin albashin sidi 1,000 ana yankar masa sidi 55 duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 130, su zama 185. Daga ciki, 135 na tafiya hukumar SSNIT, 50 kuma asusu na biyu, inda ake biyan kuɗin sallama a dunƙule. Kafin mutum ya cancanci fanshon wata-wata, sai an biya masa na wata 180, wato shekara 15. Wanda aka yi wa bayani da sidi zai riƙe, ba kamar wanda aka ce wa "kashi 18.5 cikin 100" ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne zaɓen kalma. Mai fassara na gaggawa zai kira abin da ake yanka "gudummawa". To, gudummawa a kunnen Bahaushe taimako ce, wadda ba a bin sawunta. Kalmar "zubi" ta adashi ta fi dacewa, domin duk mai zubi ya san akwai ranar kwasa, kuma yakan tambayi uwar adashi ko kuɗinsa sun shiga. Wannan tambayar ake so ma'aikaci ya riƙa yi, ya duba ko maigidansa na kai kuɗin da ya yanka.

Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta. A adashi mutum yana kwasar daidai abin da ya zuba. Fanshon SSNIT kuwa ana auna shi ne da albashin shekaru uku mafi tsoka da yawan watannin zubi, ana kuma biya har ƙarshen rai. Mai fassarar da ya tsaya a kan adashi kawai zai sa dattijo ya yi tsammanin kwasa guda.

Ɗalibin da ya fassara sashe ɗaya na dokar, ya karanta wa mai gadin makarantarsu. Idan mai gadin ya iya faɗin watannin zubi nawa suka rage masa, fassarar ta yi. Idan bai iya ba, sai a sake ta.