Famfon man mota ba na jirgin ruwa ba ne

Da wuya shekara ta ƙare ba a yi jana'izar mutanen da ruwa ya ci a Jihar Sakkwato ba. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, aka rasa rai 29, galibinsu yara da matasa. A Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, duk a Shagari, da yaran da suka fita neman itace. A Agustan 2025 kuma jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Duk lokacin da haka ta faru amsar hukuma ba ta sauyawa: ta'aziyya, rigunan ceto, sai batun jirage masu inji da za su maye gurbin kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu. Ban ga laifin wannan amsa ba. Sai dai inji tafe yake da fetur, fetur kuma tafe yake da hatsarin da mai tuƙi da filafili bai taɓa sani ba, kuma ba a cika jin wani jami'i ya ambaci wannan ɓangare ranar bikin rabon jirage ba.

Injin da aka raba yau, cikin shekara ɗaya ko biyu zai fara tari. Ranar da ya fara, ba kamfanin da ya ƙera shi zai gani ba. Za a kwance shi daga bayan jirgi, a ɗora a a-kori-kura, a kawo shi birni, ya sauka a rumfar wani bakanike a Gidan Igwai ko wata unguwa irinta, mutumin da ya ƙware a mota da babur da janareta, wanda wataƙila bai taɓa ganin injin yana aiki a kan ruwa ba. Mai jirgi zai ce masa, "Malam, mai ne ba ya hawa." Bakanike kuma, da kyakkyawar niyya, zai tuna da abin da yake yi wa tsohuwar mota idan ta yi wannan ciwo: a sayo ɗan famfon mai na lantarki, a yanka tiyo, a soka shi a tsakani, a ja waya biyu zuwa batir. Inji zai tashi nan take, kowa ya yi murna. Ra'ayina shi ne wannan gyara bai kamata ya shiga ruwa ba, kuma ya kamata hukuma da shugabannin masu fito su hana shi tun bai zama al'ada ba.

Dalilin farko yana cikin halin fetur kansa. Tururinsa ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi, gangarawa yake yi kamar ruwa ya nemi wuri mafi zurfi. A mota, wuri mafi zurfi shi ne titi. Abin da ya ɗiga ya zube ƙasa, iska ta kwashe. A jirgi kuwa wuri mafi zurfi shi ne cikin jirgin, ƙarƙashin katakon da fasinja suka taka, tsakanin buhunan albasa da na shinkafa. Jirgi ƙwarya ce, abin da ya zuba a cikinta nan yake zama. Kuma ba a buƙatar mai yawa: idan tururin fetur ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, cokali biyu na fetur da suka zuba ba sa jimawa kafin su zama tururi. Famfon mota na kasuwa kuwa ba a ƙera shi da tunanin zai zauna cikin irin wannan iska ba. Na jirgin ruwa shi ne ake rufe wa ciki ruf yadda ko ya yi tartsatsi ba zai kunna abin da ke kewaye da shi ba, kuma akwai gwaji na musamman da ake yi masa, wanda alamarsa ke fitowa a jikinsa ko a kwalinsa da lamba ISO 8846 ko SAE J1171.

Dalili na biyu ƙarfin turi ne, kuma nan ne kanikawa da yawa suke tuntuɓe. Injin da ke da kabureta yana son mai a hankali, abin da bai wuce 3 zuwa 7 ba a ma'aunin psi. Famfon motocin zamani, irin waɗanda suka cika shagunan kayan Baljiyam, yana turawa da ƙarfin 40 zuwa 60. Idan aka haɗa irin wannan da kabureta, 'yar allurar da ke tsayar da mai idan kofin ya cika ba za ta iya riƙe shi ba, sai mai ya yi ambaliya ya biyo jikin inji. Ko an dace da famfo mai ƙaramin ƙarfi, akwai sauran magana: famfon da aka ja wa waya kai-tsaye daga batir ba ya sanin inji ya mutu. Tiyo ya tsage, ko inji ya tsaya a tsakiyar gulbi, ko ma wuta ta riga ta kama, shi dai yana ta ɗirka fetur har sai jarka ta ƙare ko wani ya tuna ya fizge waya. Saboda wannan ne dokar Amurka kan jirage masu injin fetur a ciki ta ce famfon lantarki ba zai yi aiki ba sai inji yana tafiya ko ana cikin tayar da shi, ta kuma ce a ɗaura shi a jikin inji ko kusa da shi da tazarar da ba ta wuce inci 12 ba. Hikimar tazarar a fili take. Dogon tiyon da ake zuƙo mai ta cikinsa, idan ya huje iska zai sha, inji ya mutu. Wanda ake turo mai ta cikinsa kuwa, idan ya huje feshi zai yi.

Abin takaici shi ne yawancin injinan da ke kan Gulbin Rima da madatsar Goronyo ba sa ma buƙatar famfon lantarki. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin Yamaha Enduro da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yana da nasa famfon: 'yar faffaɗar roba ce da numfashin injin kansa ke kaɗawa, tana zuƙo mai muddin inji na juyawa, tana tsayawa da zarar ya tsaya. Wato kariyar da Amurkawa suka rubuta a doka, shi an haife shi da ita. Da yawa daga cikinsu da igiya ake tayar da su, babu batir a jirgin sam. Wanda ya sa musu famfon lantarki ya shigo da batir, da waya, da maƙalai masu sassautawa, duk a gefen jarkar fetur, don ya guje wa sauya roba ɗaya. Sau da yawa ma ba robar ce ta mutu ba. Ƙofar iskar tanki ce a rufe, ko matacin mai ya toshe, ko ruwa ya shiga mai, ko bakin tiyo yana shan iska, ko ƙwallon robar nan da ake matsawa kafin a ja igiya ya saki. Gwajin ba ya cin ko sisi: idan inji ya fara shaƙewa, a matsa ƙwallon, in ya farfaɗo, to matsalar tana hanyar mai, a bi ta gaɓa-gaɓa. Ingancin man ma abin dubawa ne. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima cikin ƙasar nan, kuma irin wannan sinadari yana cin roba. Injinan zamani masu feshin mai da kwamfuta su ne suke da famfon lantarki tun daga masana'anta, kuma idan nasu ya lalace, irinsa sak ake nema, ba ɗan'uwansa na mota ba.

Na san abin da mai jirgi zai ce. Jiragenmu a buɗe suke, ba irin na Turawa masu ɗakin inji ba, iska tana kaɗawa ta ko'ina. Da gaskiyarsa, buɗaɗɗen jirgi bai kai rufaffe hatsari ba. Amma jirgin ranar kasuwa ba buɗaɗɗe ba ne da gaske. An shimfiɗa katako, an jibga buhuna, an rufe da tamfol, an ɗora babura biyu kowanne da mai a tankinsa, ga wani a baya yana kunna sigari. A tsaye a mashigi da tsakar rana ana jiran fasinja su cika, babu iskar da ke shiga ƙarƙashin wannan kaya. A Agustan 2024 wani jirgin katako na 'yan kasuwa ya kama da wuta a yankin Ijaw ta Kudu a Jihar Bayelsa, kimanin mutum 20 suka mutu. Wuta a kan ruwa ba ta da wurin gudu, musamman ga mata da yaran da ba su iya iyo ba, waɗanda su ne suka fi yawa a duk jerin sunayen mamatanmu.

Za a kuma ce ai lodin wuce kima ne ke kashe mutane a Sakkwato, ba famfo ba. Haka ne, kuma duk wanda ya ce akasin haka ya yi son zuciya. Sai dai a tambayi kowane tsohon matuƙi abin da ke faruwa idan inji ya ɗauke a tsakiyar gulbi a watan Agusta, ruwa ya cika yana gudu. Jirgi yana rasa kai, ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, fasinja su firgita su karkata gefe guda. Lodin da jirgi ke iya ɗauka yana tafiya, ba ya iya ɗaukarsa yana shawagi. Kuma famfon jabu da ke jiƙewa da ruwa kullum, da wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, su ne irin abubuwan da ke ɗaukewa ba sallama.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mai fito yana ƙirga kowace lita, kuma ba ya iya ƙara kuɗin fito yadda yake so domin fasinjansa manoma ne. Amma a nan araha tana tare da gyaran gaskiya: roba da gasket na famfon asali sun fi famfon lantarki da batir da waya sauƙi, in ana samunsu. In ba a samunsu a Sakkwato, to wannan laifin masu kwangilar da ke kawo inji babu kayan gyara ne, da gwamnatin da ke karɓa a haka. Duk kwangilar jirage ya kamata ta zo da kayan gyara na shekara biyu da horar da kanikawa a Goronyo da Wurno da Wamakko da Shagari, kusa da ruwan, maimakon a riƙa jigilar inji zuwa birni.

Akwai mai cewa lambar da ke jikin famfo kowa yana iya bugawa, kasuwa cike take da jabu. Wannan aikin hukumar SON mai kula da ingancin kaya ne, kuma ba na sa ran ta iso mashigin ƙauye nan kusa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma, mai hedikwata a Lokoja, jami'anta ba su kai yawan mashigai ba. Waɗanda ke nan kullum su ne Sarkin Ruwa da shugabannin masu fito, kuma abin da za su duba ba ya buƙatar karatu. A ɗaga katakon ƙasa a sansana kafin a tayar da inji. A bi tiyo da hannu, in ya yi tauri ko ya tsattsage ko ya jiƙa yatsa, jirgi ba ya tashi. In akwai batir, a ga fiyus a kan wayarsa, a ga an ɗaure shi nesa da jarka. In kuma akwai famfon lantarki, a tayar da inji, a kashe shi, kowa ya yi shiru a kasa kunne. Idan aka ci gaba da jin famfon yana ƙas-ƙas bayan inji ya mutu, a sauke fasinja.