Su Suna Rigima Suna Aika Wa Juna Ɗalibai, Mu Fa?



Wata huɗu na yi ina IT a wata masana'antar roba a Sharaɗa. Kullum sai na hau adaidaita sahu biyu daga Gawuna kafin in isa. Injiniyan da ke kula da babban injin narka roba ɗan Chana ne, mutum mai shiru-shiru. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, ni kuma ko sannu ban iya da yarensa ba. Rubutun jikin injin da Sinanci yake, littafin injin ma haka. In injin ya tsaya sai ya buɗe, ya taɓa nan ya taɓa can, ya rufe, injin ya tashi. Ni ina tsaye a bayansa da biro a hannu kamar wanda ya je kallon dambe.

Kuma ba rowa yake mini ba. Sau da yawa yakan juyo ya nuna mini wata waya, ya yi dogon bayani, ya ga ban gane ba, ya yi dariya ya ce "ba komai". Ku ji fa, "ba komai", da Hausa. Kafin in gama ya iya "ina kwana", "kawo sifana", "kashe wuta", "sai gobe". Ni kuwa kalma biyu na fito da su, ta gaisuwa da ta godiya. Abin da na cike littafin rahotona da shi, Allah Ya yafe mini, rabinsa daga intanet na kwaso.

Abin ya dawo mini ne da na ci karo da bayanin wani ɗan ƙaramin tallafi da ofishin jakadancin Amurka da ke Beijing ya saba bayarwa. Ba kuɗin gina titi ko gada ba ne. Ƙungiya ce ko makaranta za ta rubuta wani abu da take so ta shirya wanda zai haɗa Amurkawa da Sinawa wuri guda, ko wasa ne, ko kiɗa, ko baje kolin hotuna, ko taron ƙara wa juna sani. Ta rubuta kasafin kuɗi, kwamiti ya duba, in ta dace a ba ta, ta gama ta kawo rahoto da rasit. Shi ke nan. Da farko abin dariya ya ba ni. Ƙasashe biyu da ke ƙaƙaba wa kayan juna haraji, suna hararar juna kan Taiwan, kowacce na zargin ɗayar da leƙen asiri, wai su ne za su tsaya biyan kuɗin zauren taro da ruwan roba?

Da na bi tarihin sai dariyar ta tsaya. A watan Afrilun 1971, lokacin gasar ƙwallon tebur ta duniya a Nagoya ta ƙasar Japan, wani ɗan wasan Amurka mai suna Glenn Cowan ya rasa motarsu, ya faɗa motar 'yan wasan Sin. Sama da shekara ashirin ke nan ƙasashen biyu ba sa ga-maciji. Kowa a motar ya yi tsit. Zakaransu, Zhuang Zedong, ya taso ya gaishe shi, ya ba shi kyautar wani ƙyallen siliki. Cikin kwanaki kaɗan aka gayyaci 'yan wasan Amurka zuwa Sin, kuma a Fabrairun 1972 Shugaba Nixon da kansa ya sauka a Beijing. Ba na cewa ƙyalle ne ya yi sulhun, manya sun riga sun fara laluben juna ta bayan fage. Amma suna buƙatar abin da zai sa talakawansu su haɗiye maganar, ƙwallon tebur ya ba su.

Xi Jinping ma, da yake ƙaramin jami'i a lardin Hebei, ya je jihar Iowa a 1985 cikin wata tawagar da ta je ganin harkar noma, ya kwana a gidan wasu mutane a garin Muscatine. A 2012, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, sai da ya koma garin ya gaida su. A Nuwamban 2023 kuma, a San Francisco, ya ce ƙasarsa a shirye take ta gayyaci matasan Amurka 50,000 cikin shekara biyar. Mutumin da ya taɓa kwana a ɗakin ɗan wani a ƙasar da ba tasa ba ya san amfanin abin, shi ya sa bai raina shi ba.

To, kada wani ya ce na ce sadaka suke yi. Ba sadaka ba ce, kasuwa ce. Wanda ya biya maka kuɗin jirgi yana so ka dawo kana ganinsa da mutunci, in ka zama wani abu gobe ka tuna da shi. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, su da kansu suna faɗa. Kuma mu a Kano muna da dalilin ɗari-ɗari. Garin da aka yi gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer kan yara a 1996 ba za ka zarge shi ba in ya tsaya ya shinshina kyautar baƙo kafin ya karɓa. Na san akwai waɗanda ko sashen nan na Amurka da ke ɗakin karatu na Murtala Muhammad, kan titin Ahmadu Bello, ba sa yarda su leƙa, wai kada a juya musu tunani.

Amma ga wani labari, ku auna. A farkon ƙarnin da ya wuce an tilasta wa Sin biyan diyya mai nauyi ga ƙasashen da suka shiga suka murƙushe boren da aka yi wa baƙi a 1900. Daga baya Amurka ta yafe wani ɓangare na kasonta, bisa sharaɗin a yi amfani da kuɗin wajen tura ɗaliban Sin karatu a Amurka. Manufar a bayyane take: a tarbiyyantar da manyan gobe su taso da son Amurka. Makarantar da aka kafa a 1911 don shirya waɗannan ɗalibai ita ce ta zama Jami'ar Tsinghua, wadda injiniyoyinta suke hana Amurka barci a yau. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar tallafin, Qian Xuesen, ya tafi a 1935, ya zama gwani a ilimin roka, ya koma gida a 1955, kuma shi ne ya jagoranci shirin makamai masu linzami na Sin. Mai bayarwa da nasa lissafin, mai karɓa ma da nasa. Tambayar kawai ita ce, mu muna da lissafin?

Ina ganin ba mu da shi. In an ce tallafin ƙasar waje, abu ɗaya ke zuwa ran ɗalibi a nan: hanyar ficewa. Ko kuma a ce ai na 'yan jami'a ne da 'ya'yan manya, ɗan foli ba ya ciki, sai kowa ya naɗe hannu. Alhali waccan ƙofar ma tana ƙara ƙunci. A 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da shirin Fulbright tsakaninta da Sin. A Maris ɗin 2025 Muryar Amurka, wadda iyayenmu ke saurare da Hausa tun 1979, ta yi shiru rana ɗaya. A Yulin shekarar kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Wanda yake jiran wani ofishin jakadanci ya zo ya shirya masa cuɗanya da duniya, zai daɗe a tasha.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ba ma buƙatar jirgi. Chana tana nan cikin garinmu. Tana Kantin Kwari, tana Sharaɗa da Bompai da Chalawa, tana aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna, tana Daura inda kamfanin CCECC ya gina jami'ar sufuri. Najeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairu, 1971, wato wata biyu kafin wancan ɗan wasa ya hau motar da ba tasa ba. Gidan rediyon Sin kuwa tun 1963 yake watsa shirye-shirye da Hausa. Akwai jami'a a Beijing da ake zama a aji ana koyon Hausa kamar yadda muke zaman lakca, kuma duk mai sauraron rediyon ya ji Sinawa masu amsa sunan Bello da Kande suna zuba Hausa har da karin magana. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa wa wani ɗan kasuwarsu, Mike Zhang, rawanin Wakilin 'Yan Chana. Sun koyi harshenmu, sun san fadarmu, sun san kalar atamfar da amaryar Kano ke so. Mu me muka sani nasu ban da farashin kwantena? Cibiyoyin Confucius guda biyu da aka fara buɗewa don koyar da Sinanci a ƙasar nan, ɗaya tana Awka, ɗaya tana Legas.

Kuma wannan rashin sanin yana cin mu. A 2012 jami'an shige da fice sun kama gomman Sinawa a Kantin Kwari kan harkar sayar da yadi. A 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kokawa cewa rinannen yadin da ake shigo da shi daga Sin mai araha ya kashe musu sana'a. Kokensu gaskiya ne, duk wanda ya je marinar Ƙofar Mata ya ga rijiyoyin da aka daina amfani da su ya san haka. Amma kame da tattaki ba su dawo da ko masaƙa ɗaya ba. Wanda ya fi ka sanin yadda ake buga zane a yadi da araha, ko dai ka hana kayansa shigowa, abin da gwamnatoci suka gwada suka kasa, ko ka koyi abin da ya sani. Kuma ba za ka koya ba in ba za ka iya yi masa tambaya ba. Ba zan kawo muku maganar nan ta neman ilimi ko da a birnin Sin ba, malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba, kuma an gaji da jin ta a walimar yaye ɗalibai. Hujjata ba ta wuce wancan injin da na tsaya a bayansa wata huɗu ba.

Wani abokina a ajinmu ya ce duk wannan surutu ne, ai akwai manhajar fassara a waya. Na gwada, malam. Cikin ƙarar inji wayar ba ta jin komai, in kuma ta ji, sunan ƙarfe sai ta fassara maka shi da sunan abinci. Ban da haka, mutum ba ya buɗe maka sirrin sana'arsa ta bakin waya. Sai ya saba da kai, kun ci abinci tare, ya ga ka yi wahalar koyon kalma hamsin na yarensa kamar yadda ya yi wahalar koyon naka.

Don haka ga abin da nake nema daga ƙungiyarmu, kuma ba babba ba ne. A ware Naira 100 daga kuɗin ƙungiya da kowannenmu ke biya, a mai da shi ƙaramin tallafi irin wancan, namu na kanmu. Duk sashen da ke da shawara ya rubuta shafi biyu da kasafi, kwamiti ya zaɓa, a liƙa sunan wanda ya samu da adadin kuɗin a allon sanarwa, in an gama a liƙa rasit ɗin a gefensa. Shawarata ta farko ita ce ajin Sinanci na yamma, sau biyu a mako, ba don waƙa ko adabi ba, don lambobi da gaisuwa da sunayen sassan inji da kalmomin ciniki. Malami ba zai yi wuyar samu ba. Garin nan akwai waɗanda suka yi karatu a Sin suka dawo, akwai 'yan kasuwar da Guangzhou ta zame musu kamar Wambai, akwai tafintoci a Kwari. A rubuta wa Wakilin 'Yan Chana takarda, ai aikin rawaninsa ke nan, a roƙi injiniya ɗaya ya zo sau ɗaya a wata ya kwance mana inji a gabanmu, mu kuma mu gyara masa Hausarsa. In abin ya kama ƙasa, sannan mu ɗauki rahotonmu da hotunanmu mu nemi ƙari a ofishin jakadancin Sin, ko na Amurka, ko duk wanda ya buɗe ƙofa, mu karanta sharuɗɗansu layi-layi, wanda bai yi mana ba mu bar musu kayansu. Wanda ya zo da abin da ya riga ya fara, ba a yi masa kallon mai bara.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi, ga matsalar ruwa, ga banɗakuna, ga kujerun da suka karye. Gaskiya ne, ni ma ina shan wannan wahalar. Amma Kwamared, mu ji tsoron Allah. Kuɗin da ake kashewa a daren dina guda ɗaya, da allunan karramawa da ake bugawa ana kai wa 'yan siyasar da ko sunan sashenmu ba su sani ba, ya isa ya biya malamin nan semesta guda har da alli. Ban ce a daina dina ba, kada 'yan kwalliya su tsine mini. A rage kaza ɗaya a kowane tebur.

Na riga na rubuta ƙudurin, shafi ɗaya ne. Ina neman 'yan majalisar ɗalibai biyu da za su gabatar da shi a zama na gaba, ɗaya daga ɓangaren injiniya, ɗaya daga ɓangaren kasuwanci, da kuma 'yan uwa mata daga sashen ɗinki da zane, tunda maganar yadi ta fi shafar su. Mai so ya same ni a harabar masallacin makaranta bayan sallar La'asar, ranar Talata ko Alhamis, zan zo da kofe.