Filin Masu Dawaki: Goɗiya Mai Tsohon Ciki

Goɗiya takan ɗauki ciki wajen wata 11, galibi kuwa da dare take haihuwa, sa'ad da mai ita ke barci. In hantsarta ta cika, har dakashi ya soma daskarewa a bakin nono, to, lokaci ya gabato.

A nan ne masu dawakin unguwa ke da rana. Sai su raba dare, kowa ya yi nasa tsaron, wanda ya taɓa ganin haihuwar goɗiya ya kwana kusa da barga.

In faya ta fashe, minti 30 suka shige ɗa bai fito ba, a garzaya wurin likitan dabbobi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka kuma in mabiyiya ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba. Fizgo ta da hannu ganganci ne, yana iya halaka goɗiyar.