Lafiyar Gida: Zawo ya tsaya amma ƙafafu sun mutu

 

Akwai wata cuta ta babban hanji wadda ba kowa ya san sunanta ba. A takardar likita da Faransanci ake rubuta ta, rectocolite hémorragique, a taƙaice RCH. Gyambo ne ke fitowa cikin hanji, sai zawo da jini da majina, da murɗar ciki, mutum na zaryar makewayi dare da rana. Takan lafa watanni, ta sake tasowa. Mu nan duk zawo mai jini atuni muke ce mishi, shi ya sa mai wannan cuta sai ta sha maganin atuni ta gaji kafin a gane. Ba daga ruwa ko abinci ake ɗaukarta ba, garkuwar jiki ce ke juyawa tana cin hanjin mai ita. Sai an auna bayan gida, an kuma leƙa hanjin da na'ura a babban asibiti, kana a tabbatar.

In ta taso da ƙarfi, lokotoro yakan rubuta kortizon, wato prednisone ko prednisolone, waɗanda ake saidawa a farmasi da sunan Cortancyl ko Solupred. Sau da yawa ana farawa da miligiram 40 a yini, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har wajen mako 8. Magani ne mai aiki, ba na musu. Cikin ƴan kwanaki jini ya ragu, mara lafiya ta fara cin tuwo, gida ya yi hamdala. To, a daidai nan ne nake so mu buɗe ido.

A jikinmu akwai wani gishiri da ake kira potasiyom. Da shi tsoka ke motsi, da shi hanji ke tura abinci, da shi zuciya ke bugawa daidai. Mai zawo ta riga ta zubar da mai yawa a makewayi, ga shi ba ta cin abin kirki. Sai kortizon ya zo ya sa ƙoda tana riƙe gishirin miya da ruwa, tana sakin potasiyom cikin fitsari. Tulu ne mai yoyo, aka ƙara huda shi ta wani gefe. Wadda aka kwantar ana yi mata allurar kortizon ta jijiya ta fi shiga haɗarin, amma mai shan ƙwaya a gida ma ba ta tsira ba.

Abin da za ku gani: mace ta tsuguna ta kasa miƙewa sai an kama ta. Taɓarya ta yi mata nauyi. Da dare sha-raɓa ta ɗaure har ta yi kuka. Gabanta na faɗuwa ba dalili, zuciya na bugawa tana tsallake. Wata ga ƙishirwa ga yawan fitsari. Mu kuwa mi muke cewa? "Ai jinya ce, jiki bai dawo ba tukuna." Wata ta ce ƙarancin jini, wata ta ce iska. Ana wannan lissafi potasiyom na ƙara sauka, kuma in ya yi ƙasa ƙwarai yana iya tsaida zuciya ba sallama.

Alama ɗaya na fi jin tsoro, don kama take da sauƙi. Zawo ya tsaya tsak, amma ciki ya kumbura ya yi tauri, ga ciwo, ko tusa ba ta fita, wani lokaci da zazzaɓi. Wannan ba waraka ba ce, hanji ne ya daina motsi yana buɗewa. Ba a kwana da shi. A nemi mota a daren.

Ido ba ya auna potasiyom, sai analizin jini. Sunanshi iyonogiram, kuma a takardar sakamako harafin K za ku nema. Daga 3,5 zuwa 5 lafiya lau. Ƙasa da 3,5 ya ragu. Ƙasa da 2,5 maganar kwanciya ce da ƙarin ruwa. Ba kowace likitar ƙauye ke yin wannan awo ba, don haka ranar da aka ba ku ordonansi ku tambaya da bakinku: yaushe za a auna, kuma ina? In lokotoro ya haɗa da ƙwayar potasiyom, irin su Diffu-K ko Kaleorid, a saye ta. Na san halinmu, in kuɗi bai kai ba sai mu ce wa mai farmasi ya ba mu "babban" magani ya bar ƙanana. Wannan ba ƙarami ba ne. Ni a ganina irin wannan rana ce aka ajiye asusun taimako dominta, ba suna da biki kawai ba, kuma bai kamata ƙungiya ta jira taron mako ba kafin ta buɗe akwati.

Yanzu maganar kanwa. Da yake masu boko na ce mata "potas", an samu masu cewa a dama kunun kanwa a ba mara lafiya. Don Allah a bari. Kanwarmu ta kasuwa dangin gishirin miya ce, potasiyom ɗin cikinta bai taka kara ya karya ba. Mai shan kortizon da ma an ce ta rage gishiri da magi saboda kumburi da tansiyo, kanwa ƙara mata za ta yi. Haka in fuska ko ƙafa ta kumbura, kada a sayo mata maganin sa fitsari irin Lasilix wurin ƴan tebur. Shi ma potasiyom yake kwashewa.

Kuma kada tsoro ya sa a yar da kortizon rana ɗaya. Jikin da ya saba da shi makonni yakan rage yin nashi, in aka yanke farat ɗaya mutum na iya suma, cutar ma ta dawo. Mai rubutawa shi ke ragewa.

Abinci na taimakawa, sai dai in awo ya nuna ƙasa sosai ba ya isa shi kaɗai. Ayaba, dankali, kabewa, tumatir, lemu, dabino, wake, garin kuka da zogale duk suna da potasiyom. Amma lokacin da hanji ke zubar da jini, wake da ganye da dabino na iya ƙara zawo. A fara da masu laushi, ayaba nunanna da dankali ko kabewa da aka fere aka dafa luguf, sauran sai ciki ya lafa. Kuma potasiyom na fita cikin ruwan dahuwa. Mu da muke tafasa zogale mu tsiyaye ruwan a ƙasa, rabon kaji muke yi. A dafa cikin miya ko fate a sha da romon.

In zawo bai tsaya ba, a jiƙa SRO na cikin leda, wanda muke ba yara, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Shi akwai potasiyom cikinshi. Ruwan gishiri da sukari da muke haɗawa a gida babu. Mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin tansiyo kuwa, ta faɗa wa lokotoro tun farko, don ita yawan potasiyom ne ke iya yi mata illa, kuma kada ta karɓi ragowar ƙwayar maƙwabciya.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓo ƙwayoyin ƙiba da ake ba ƴan mata kafin aure. Da yawansu dangin kortizon ɗin nan ne.