ZAUREN KWAMFUTA: Mu Ɗinka Manhajar Jera Baƙaƙe Da Hannunmu

A wannan wata za mu tattauna ne a kan manhajar jera baƙaƙe da tsara shafi, da yadda mutum zai ɗauko ta tun daga tushenta, ya daidaita ta, ya harhaɗa ta, sannan ya girka ta a kwamfutarsa. Wani zai ce wannan ai zancen 'yan jami'a ne, ina ruwan mutumin Nima da Mamobi da shi? To, a biyo mu a hankali, za a ga ruwan namu ne tsundum.

Duk wanda ya saba karɓar takardun gayyata a zangunanmu na Ankara ya san irin ɓarnar da ake yi wa baƙaƙenmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka ga katin ɗaurin aure ana yi wa "baki" maraba, alhali baƙi ake nufi. Mafi ban takaici shi ne takardar addu'ar arba'in, inda za a so a ce Allah Ya jiƙansa, amma a buga "jikansa", a mayar da addu'a zancen jika. Wani lokacin ma ba a samun ko da baƙin da ba ƙugiya, sai wani ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma. Abin ya fi muni a wurinmu fiye da mutanen Kano ko Zinder, domin da yawa daga yaranmu da aka haifa a nan ba su rarrabe kasa da ƙasa a baka. Idan takarda ma ta daina rarrabewa, to a ina za su koya?

Ba mu ɗora wa masu maɗaba'a laifi ba. Ga su nan birjik a Niyutawun, maƙwabtanmu ne, kuma sun iya aikinsu. Sai dai yawancin aikin da ke zuwa hannunsu na Turanci ne, sai kuma Tuwi da Ga da Ewe. Hukumar Harsunan Gana, wadda aka kafa tun 1951, tana buga littattafai cikin harsuna 11, kuma Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Saboda haka babu wata hukuma da za ta tsaya mana a kan ƙugiyar ƙa. Idan ba mu tsaya da kanmu ba, shi ke nan.

Asalin manhajar

Manhajar da muke magana a kai sunanta TeX, ana furta shi kamar "tek". Wani malamin jami'ar Stanford ta Amurka, Donald Knuth, shi ya fara rubuta ta a 1977, bayan ya ga samfurin sabon bugun littafinsa bai yi masa kyau ba. Ya fito da ita a 1978, ya sake rubuta ta baki ɗaya a 1982, sannan ya bar ta a buɗe ga kowa, ba kuɗi ba lasisin saye. Daga baya Leslie Lamport ya ɗora mata wani tsari mai sauƙi da ake kira LaTeX. Tun daga 1996 ake tattara ta da dukan 'yan rakiyarta cikin ƙunshi guda mai suna TeX Live, wanda ake sabuntawa kusan kowace shekara.

Da farko ita ma ba ta san baƙaƙenmu ba. Amma da yake tushenta a buɗe yake, a farkon shekarun 1990 wani Bajamushe, Jörg Knappen, ya zana mata baƙaƙen harsunan Afirka, har da na Hausa da na Akan da Ewe. Wani kuma a Stuttgart, Klaus Lagally, ya koya mata rubutun Larabci daga dama zuwa hagu. Babban sauƙi ya zo a 2004, lokacin da Jonathan Kew na ƙungiyar SIL ya fito da XeTeX, wadda ke aiki da tsarin Unicode, inda kowane baƙi na duniya yake da lambarsa, ciki har da ɓ da ɗ da ƙ. Ta iso kan Linux a 2006, ta shiga TeX Live a 2007. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya nemi izinin wani kamfani kafin ya yi aikinsa. Amfanin buɗaɗɗen tushe ke nan.

Mene ne tushe?

Manhajar da aka saba saya ko kwafa, kamar riga ce ta kanti: an riga an ɗinka, in ta yi maka to, in ba ta yi ba sai haƙuri. Tushen manhaja kuwa shi ne yadin da ba a yanka ba, wato rubutun da masu shirin suka yi da yaren da mutum zai iya karantawa ya gyara. Kwamfuta ba ta jin wannan yare kai tsaye, sai an sa wata manhaja mai harhaɗawa ta juya shi zuwa nata yaren. Aikin kuwa mataki uku ne, kamar dai yadda telan Nima ke yi gab da Salla: awo, ɗinki, sai miƙa wa mai kaya.

Kafin a fara, ana bukatar kwamfuta mai Linux, ko da tsohuwa ce. A kan Debian ko Ubuntu, sai a girka ƙunshin build-essential, wanda ke ɗauke da masu harhaɗa yaren C da C++ da kuma make. A ƙara da pkg-config, da kayan fontconfig na masu harhaɗawa, domin da shi XeTeX ke gano samfuran baƙaƙen da ke cikin kwamfuta. Sannan a sauko da tushen TeX Live daga rumbun CTAN, a kwance shi da umarnin tar.

Mataki na farko: awo

A cikin jakar da aka kwance akwai wani fayil mai suna configure. Ba a kiransa a nan inda yake. Sai a buɗe sabuwar jaka fanko a cikinta, a shiga, a kira shi daga can, don kada tarkacen ɗinki ya cakuɗe da yadin. Aikinsa shi ne ya auna kwamfutarka: wace iri ce, wane mai harhaɗawa take da shi, me ke akwai, me ya rage. A nan ne kuma kake faɗin abin da kake so. Da --prefix kake nuna inda za a ajiye manhajar in an gama, kuma muna ba da shawara a zaɓi wata jaka a cikin gidan mai amfani da kwamfutar, don kada a taɓa abin da ke aiki a da. Da --without-x kuma kake cewa a bar sassan da ke bukatar kayan zanen taga, in ba ka da su.

Za ka ga layuka suna ta gudu a allo. Kada ka tsorata. Idan ya tsaya da ƙorafi, karanta layukan ƙarshe, domin galibi sunan abin da ya rasa yana nan a rubuce, cikakken bayani kuma yana cikin fayil ɗin config.log. A girka abin da ya rasa, a sake kiransa. Mafi yawan waɗanda ke karaya, a nan suke karaya, alhali tambaya ce kawai aka yi musu ba su karanta ba.

Mataki na biyu: ɗinki

In awo ya kammala, sai a rubuta make. Wannan tsohon ma'aikaci ne, tun 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro shi. Shi zai bi dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana miƙa su ga mai harhaɗawa. Knuth ya rubuta TeX ne da wani salo nasa da ya dogara kan yaren Pascal, don haka sai an fara juya shi zuwa C da wani tsari mai suna web2c. Duk wannan da kansa yake faruwa. A sabuwar kwamfuta aikin ba ya daɗewa, a tsohuwa kuwa sai a je a yi salla a ci abinci a dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga wani albishir ga waɗanda suka sha wuyar ɗauke wutar dumso a 2015. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ba a komawa farko. Shi make yana duba lokacin da aka rubuta kowane fayil, ya tsallake abin da ya riga ya gama. In ya yi ƙorafi a kan fayil ɗin da wuta ta yanke a rabi, a goge wannan ɗin, a sake kira. Bayan ya gama, yana da kyau a rubuta make check, domin manhajar ta jarraba kanta.

Mataki na uku: girkawa

Umarnin make install shi zai kwashe abin da aka ɗinka ya kai inda ka nuna tun farko. To amma a nan akwai wani rami da ya kamata mu nuna. Abin da aka harhaɗa injin ne kawai. Samfuran baƙaƙe da ƙa'idojin LaTeX suna cikin wani ƙunshi dabam mai suna texmf, kuma dole ya zama na shekara ɗaya da tushen da aka harhaɗa. A ajiye shi inda injin zai gan shi, a sanar da kwamfuta hanyar zuwa sabuwar jakar, sannan a kira mktexlsr ya yi jerin fayiloli, fmtutil ya shirya tsare-tsaren aiki, texlinks kuma ya samar da gajerun sunaye irin su xelatex.

Shi wannan ƙunshi na biyu shi ne mai nauyi, cikakken TeX Live ya haura gigabait 5. Ba sai kowa ya ƙona kuɗin intanet a kansa ba. Mutum ɗaya ya sauko da shi, ya zuba a filashi, a yi ta zagayawa da shi daga Nima zuwa Sabon Zango, daga Fadama zuwa Madina. Wannan ba sata ba ce, lasisinsa ya yarda da haka.

Jarrabawa

A samo samfurin baƙaƙe na Charis ko Gentium ko Andika, duka kyauta ne daga SIL kuma suna da ƙugiyoyinmu manya da ƙanana, har da baƙaƙen Tuwi da Ga da Ewe. A rubuta ɗan gajeren shafi mai ɗauke da kalmomi irin su ƙasa da ɓawo da ɗaki da Ƙaraye, a kira xelatex. Abin da zai fito fayil ne na PDF wanda samfurin baƙaƙen ke cushe a cikinsa. Wannan shi ne maganin ɗan akwatin nan fanko: duk maɗaba'ar da ka kai shi, ko suna da baƙaƙenmu ko ba su da su, yadda ka tsara haka zai fito.

Malamanmu na makaranta ma ba a bar su a baya ba. Ƙasar nan tana da tsohon gadon Ajami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete Karaci a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausa, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta tattara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. A 2015 SIL ta fito da samfurin Harmattan don rubutun Afirka ta Yamma, a 2017 kuma ta fito da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano irin na littattafan kasuwa. Da waɗannan, malami zai iya tsara littafin yara da boko a shafi ɗaya, Ajami a ɗaya shafin.

Shin dole ne kowa ya harhaɗa?

Gaskiya ba dole ba ne. Wanda ke son aiki kawai, zai iya girka TeX Live ɗinkakkiya daga rumbun Debian ko Ubuntu da umarni ɗaya, kuma ta wadatar. Harhaɗawa daga tushe tana da amfani ne ga mai son sabon bugu da bai iso rumbunsa ba, ko mai kwamfutar da ba a yi wa ɗinkakkiya ba, ko mai son gyara wani abu a ciki. Abin da muke cewa shi ne, bai kamata a rasa masu wannan sani a cikinmu ba. Kwafin manhajar kamfani da ake yawo da shi ba lasisi, rana ɗaya zai kulle ya bar mutum da aikin jama'a a hannu, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Amma wanda ya iya awo da ɗinki, ko an rufe kanti ba zai rasa riga ba. Waɗannan matakai uku kuma ba na TeX kaɗai ba ne, da su ake harhaɗa ɗimbin manhajoji na Linux, saboda haka matashin da ya ƙware a kansu ya riƙe sana'a.

Muna kira ga ƙungiyoyin matasa da shugabannin makarantu da sarakunan zango, kowace unguwa ta ware kwamfuta ɗaya da matasa biyu ko uku, maza da mata, don wannan aiki. Masu son ƙarin ilmi su leƙa Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa, wadda aka buɗe a nan Ankara a 2003. Ku kuma iyaye, in za a buga katin suna ko na aure ko na addu'a, ku nemi a nuna muku samfuri ku duba ƙugiyoyin kafin a buga.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake shirya allon bugu na kwamfuta ya riƙa fitar da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Mai tambaya ya aiko ta hannun edita. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya jiƙan magabatanmu, amin. Mu kwana nan.