Ginin ƙasa gadonmu ne, mu kiyaye shi

A birnin Lusarn na ƙasar Suwis akwai wata gadar katako mai shekara fiye da 600. Da gobara ta ci ta a 1993, mutanen garin suka sake gina ta, aka buɗe a 1994. Har yau baƙi suna tururuwa su gan ta.

Mu ma muna da abin nunawa. A jahar Tawa, masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Amma a Madawa da Buza da Keita, tsofaffin masallatai da zauruka da rumbunan laka suna zubewa, ana maye gurbinsu da siminti da kwano. Ginin da ba a yaɓe ba, damana ce ke cinye shi.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da sarakunan gargajiya su ƙidaya waɗannan gine-gine, su kira gayyar yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, samari kuma su koyi sana'ar wajen tsofaffin magina tun suna raye.