Nijar: Mamane da darasin ƙasar Gondwana

Masu iya magana sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wannan karin magana kamar don Mamane aka yi ta, wato marubuci kuma ɗan wasan barkwancin nan na maƙwabciyarmu Nijar, wanda aka haifa a Agadas a 1966.

Karatun kimiyyar tsirrai ne ya kai shi Faransa, amma sai ya ɓige da hawa dandamali. Tun daga 2009 ya fara gabatar da ɗan gajeren shiri a gidan rediyon RFI kan wata ƙasa da ya ƙirƙira, ya raɗa mata suna Gondwana. A can shugaba ba ya sauka daga mulki, zaɓe kuwa ana sanin sakamakonsa tun kafin a jefa ƙuri'a. A 2015 ya kafa bikin 'yan barkwanci a Abijan, a 2017 kuma ya fitar da fim kan zaɓen wannan ƙasa tasa.

Dabararsa ita ce ba ya kama sunan kowa, don haka duk shugaban da ya yi fushi ya tona wa kansa asiri, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mu da muke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, muna ƙirga shingaye muna miƙa na goro, ai ba sai an nuna mana Gondwana a taswira ba.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. Da Faransanci yake wasansa, a gidan rediyon Faransa. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yulin 2023, cikin Agusta suka dakatar da RFI, kamar yadda Mali da Burkina Faso suka yi a 2022. Nan take muryar ɗan ƙasa ta ɗauke daga tashoshin FM na ƙasarsa. Ko kafin nan ma, mai sayar da albasa a Galmi sai an yi masa tafinta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wasa da harshen gida kuma yana da nasa haɗarin. Idan ba mu manta ba, a 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke wa marigayi Rabilu Musa Ibro ɗaurin wata 2 kan fim ɗin Ibro Aloko.

A ganinmu, 'yan kasuwa na da abin yi a nan. Kuɗin tallar da muke bai wa gidajen rediyon garuruwanmu sun isa su riƙe shirin barkwanci da Hausa, mai dabara irin ta Mamane, wanda zai taɓo zancen shingaye da kwastan ba tare da ya jefa kowa gidan yari ba. Allah ya sa mu gane.